Kantin Kwari: Kasuwar da Cunkoso ya Shaƙe, da Yadda Za a Buɗe Mata Hanya

Arzikin Kano ya taru ne a wani ɗan yanki da mai tafiya a ƙafa zai ratsa cikin sa'a guda. Daga Ƙofar Mata in aka miƙe titin IBB, ga Kantin Kwari, ga kasuwar Ƙofar Wambai, ga Wapa ta 'yan canji, ga Singa ta kayan masarufi, ga titin Beirut na masu wayoyi, sai a tsallaka Bata a faɗa kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Nan ne 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, daga Maiduguri da Yola da Njamena, suke zube kuɗinsu su ɗauki shadda da atamfa da leshi da yadi. Kantin Kwari ce ake yi wa kallon kasuwar tufafi mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma daga attajiri mai gidan shaguna har yaron da ke ɗaukar dila a ka, kowa a cikinta yake samun na tuwo.

Sai dai isa wannan yanki ya zama aiki, fita daga cikinsa kuma ya fi wuya. Da hantsi ya ɗaga tituna sun cushe, da la'asar sakaliya kuwa, lokacin tashi daga kasuwa, mai ƙafa kan bar mai mota a baya. Goman ƙarshe na azumi ba a magana. 'Yan kasuwa sun sha yin kuka da faɗuwar naira da tsadar dala da rufe iyakoki, kuma da gaskiyarsu, amma waɗannan a Abuja ake yanke hukuncinsu. Akwai abu biyu da maganinsu ke hannun Kano: yadda mutane da kaya ke shiga kasuwa su fita, da yadda labari ke tafiya tsakanin hukuma da 'yan kasuwa da mazauna Fagge da Sabon Gari. Biyun nan a ɗaure suke da juna, kuma a ganina na biyun ne ya kamata ya riga. Gyare-gyaren sufuri da dama sun ci tura a Kano saboda an sanar da su ga jama'a kafin a zauna da waɗanda abin zai faɗa wa.

Hanya ce ta haifi kasuwar

Fagge asalinta zango ce. A bayan ganuwa take, nan ayarin Buzaye da sauran fataken hamada ke durƙusar da raƙuma kafin a shiga da kaya kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wancan fatauci ya tsaya ne da hanya da madugu da zango, sannan da fatoma, mai saukar baƙo ya ajiye masa kaya, ya gaya masa farashin gari, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Baƙon da ya iso Kano ba ya rasa inda zai sauke kaya, ba ya kuma rasa wanda zai tambaya ya ji gaskiya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, sai nauyin ciniki ya karkata daga Kurmi zuwa gabas, kusa da tashar jirgi. Turawa suka yanka filaye. Kamfanoninsu suka kama kusa da tasha, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka taho daga Kudu, aka kuma ba Kwarori, wato mutanen Labanan da Sham, wani yanki a Fagge ta Kudu. Wannan yanki ne ya zama Kantin Kwari. Gidajen zama ne masu kanti a gaba, shi ya sa har gobe in za a yi maka kwatance a kasuwar sai a ce gidan wane. Bayan samun mulkin kai, musamman bayan dokar 1972 da ta mayar da wasu harkokin ciniki hannun 'yan ƙasa, Hausawa suka gaji gidajen. Ɗakuna suka koma shaguna, tsakar gida ta koma shaguna, aka ɗora benaye, aka kafa tebura a bakin layi.

Titunan da aka shata wa unguwa mai kantuna 'yan kaɗan, su ne yau ke ɗauke da kasuwar ƙasashe. An taɓa zana wa birnin tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, amma gari ya yi wa tsarin nisa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni mutum sama da miliyan 2.8, kuma tun daga nan gidaje suka ci gaba da miƙewa har Janguza da Dawanau da Jogana da Mariri. Mazauni ya yi nisa, wurin neman abinci bai motsa ba. Kowace safiya jama'ar waɗannan unguwanni sai sun kwararo tsakiyar gari, kowace yamma sai sun koma.

Daga hayis zuwa A Daidaita Sahu

Waɗanda suka manyanta sun san zamanin da motocin hayis da tasi ke ɗauke da gari, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Bata, Yankura, Kurna, Kabuga. Motocin sun tsufa, amma layinsu sananne ne, kuɗinsu ma sananne. Tsadar kayan gyara da karayar tattalin arziki daga tsakiyar shekarun 1980 suka rage musu ƙarfi, acaɓa ta shigo ta cike gurbi. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan da ya bi baburan. A watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. 'Yan acaɓa da yawa suka koma A Daidaita Sahu, shi kuma ya ƙarasa cinye kasuwar hayis da tasi.

Dole a yi masa adalci. A Daidaita Sahu ya rufa wa dubban gidaje asiri. Matashin da bai samu aikin albashi ba ya karɓi babur a hannun mai shi, yana kai balas kullum, ko yana biya da kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Yana shiga lungun da bas ba ta shiga, ya kai mace da 'ya'yanta har ƙofar gida, ya ɗauko ɗan sari da ƙunshin atamfarsa. Inda matsalar take shi ne lissafi. Babur ɗaya mutum uku yake ɗauka a baya, in an matsa huɗu. Mutum 60 da babbar bas guda za ta kwashe, sai an jera musu babura 15 zuwa 20, kowanne yana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, kowanne yana neman ya riga ɗan'uwansa saboda balas na jiransa da yamma. Ko da duk direbobin sun bi doka sau da ƙafa, titin IBB ba zai ɗauke su a lokaci guda ba. Ga hayaƙin da 'yan tebur da 'yan dako ke shaƙa tun safe har magariba.

Sai tsadar mai ta zo ta ƙara nauyi. Da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Yaron shagon da ke zaune a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, wanda sai ya hau sau biyu kafin ya iso kasuwa, ya ga kuɗin mota na cinye babban kaso na abin da ubangidansa ke sallamarsa da shi. Direban ma bai tsira ba, domin rabin yininsa a cikin cunkoso yake ƙona man da ya saya da tsada.

Abin da aka gwada

Gwamnatocin Kano ba su naɗe hannu ba. A zangon Kwankwaso na biyu aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA, a 2012, aka gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, aka soma doguwar gadar titin Murtala Muhammad da ta bi ta saman Yankura. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kammala ta, ta ƙara da ta Dangi da ta Hotoro. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗora da aikin Ɗan Agundi da Tal'udu. Waɗanda aka kammala cikin waɗannan ayyuka sun warware mahaɗun da a da ake kwana a kansu. Amma gada tana amfanar mai wucewa ne, Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari kuwa wuraren sauka ne. Duk motar da gada ta sawwaƙa wa tafiya, ƙarshenta sai ta sauko ta nemi inda za ta tsaya a bakin kasuwa, kuma filin bakin kasuwa bai ƙaru da ko taku ɗaya ba.

An kuma yi mafarkin jirgin ƙasa na cikin gari. A 2016 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin kan dala biliyan 1.85, aka yi ta muhawara kan nauyin bashin, har wa'adin gwamnatin ya ƙare a 2023 ba a shimfiɗa dogo ba. Birni irin Kano zai buƙaci jirgi wata rana, sai dai ba daidai ba ne a jingine abin da za a iya yi bana saboda jiran abin da sai an ci bashin shekaru.

Gwajin da ya fi kusa da magani shi ne na ƙarshen 2022, lokacin da aka ƙaddamar da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan tituna domin a bar wa bas hanya. Jama'a suka wayi gari a bakin titi ba abin hawa isasshe, kuka ya yi yawa, cikin 'yan kwanaki aka janye dokar. Kafin wannan an ga yajin aikin 'yan A Daidaita Sahu har sau biyu: a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum da yadda ake biyansa, da Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista, inda aka yi kwana uku ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suna taka sayyada. Duka yaje-yajen biyu da zaman sulhu aka kashe su. Zaman da aka yi bayan gari ya tsaya cik, da an yi shi tun kafin a fitar da sanarwa, da an huta da asarar.

Cikin kasuwa: kaya, ruwa da wuta

Cunkoson bakin titi rabin labari ne. A cikin layukan kasuwa, mutum da kaya da mota suna takara kan fili guda. Babbar mota kan shigo sauke diloli da rana tsaka, 'yar ƙurƙura ta tsaya ɗaukar na tasha, masu baro da 'yan dako su kutsa tsakani, ga motocin masu shaguna an ajiye tun safe sai magariba za a ɗauke, ga tebura, ga janareta. Kowanne da hujjarsa. Mai tebur ba shi da kuɗin kama shago, mai mota bai ga wurin ajiyar da zai amince da shi ba, direban tirela kuma ba a sa masa lokaci ba.

Ranar da masifa ta zo ake gane tsadar wannan hali. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A watan Agustan 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dukiya mai ɗimbin yawa, har gwamnati da kanta ta ba da umarnin rushe gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Layin da baro ke wucewa da ƙyar, motar kashe gobara ba za ta bi shi ba. Kwatar da aka gina shago a kanta ba ta yasuwa, kuma ruwan da aka tare wa hanyarsa zuwa rafin Jakara sai ya nemi wata ta cikin shaguna. Shadda kuwa in ta sha ruwan kwata ta gama daraja. Saboda haka buɗe layi maganar tsare jari ce da tsare rai, kafin ta zama maganar ƙawata kasuwa.

Inda labari ke yankewa

Kano garin rediyo ne. Ban da Rediyon Kano da ta daɗe, tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, kuma shirye-shirye irin su Inda Ranka sun saba wa mutane da jin ƙorafin unguwa a iska. Wayar hannu ta shigo a 2001, yau da wuya ka sami mai tebur da ba ya cikin wani zauren WhatsApp. Kayan isar da saƙo sun wadata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne murya guda da kowa ya yarda da ita, da sanarwa a kan kari, da hanyar da magana za ta koma sama daga ƙasa.

Ɗan kasuwa ya kamata ya san wata guda kafin a rufe titi domin aiki, ya san ranar da za a yashe kwata, ya san nawa ne harajin da doka ta ɗora masa da wanda ke da ikon karɓa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma wannan labari ne da ya kamata ya isa kunnen mai shagon ƙasa da Hausa, tun kafin ruwan Agusta. Haka kuma idan an tare layi, ko wayar lantarki ta fara tartsatsi, ko jami'i ya nemi abin da ba a rubuce yake ba, ya kamata a ce akwai lamba guda da za a kira, a rubuta ƙorafin, a kuma dawo da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin nan sun haɗa da waɗanda ba a cika gayyata taro ba: 'yan tebur, 'yan dako, masu baro, direbobi, da matan da ke zuwa sari. Kantin Kwari tana da hukumar gudanarwa, tana da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, amma muryar mai gidan shaguna ta fi ta waɗannan isa ofis, alhali su ne suke kwana su tashi a kan layin da ake son gyarawa.

Akwai wani dalili mai nauyi da ya sa wannan yanki ke buƙatar labari ingantacce. Iyakar Fagge da Sabon Gari ta ga tashin hankali a watan Mayun 1953, Kano ta sake gani a Oktoban 1991 da Mayun 2004, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san yadda jita-jita guda ke sa a ja ƙofofin shaguna cikin mintuna. Yau da waya a hannun kowa, ƙarya ta fi da sauri. Yanki ne da ake jin Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, ga baƙin Nijar da Chadi da Kamaru. Hakimi da masu unguwanni, limamai da shugabannin coci, shugabannin ƙabilu da na 'yan kasuwa, dukkansu suna nan kuma ana jin maganarsu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a zaure guda mai zama a kai a kai lokacin zaman lafiya, domin ranar da aka ji ƙishin-ƙishin a san wanda za a kira ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Ciniki kansa ya fara komawa waya. Mata da yawa a cikin gidajensu suna ɗora hoton atamfa da leshi a WhatsApp da Instagram, mai saye a Abuja ko Yamai ya turo kuɗi ta banki, yaro ya shiga Kwari ya ɗauko, a kai tasha a ba direba. Wannan kasuwa ce sabuwa da ke shigo da kuɗi ba tare da ƙara cunkoso ba, amma tana tafiya ne a kan kwatance da sa'a. Da kowane layi yana da allon suna, kowane gida da shago suna da lamba, da akwai rajistar shaguna da mai saye daga nesa zai duba ya tabbatar ba ɗan damfara yake tura wa kuɗi ba, da wannan ciniki ya ninka. Lambar da za ta kai ɗan aike ƙofar shago, ita ce za ta kai motar kashe gobara.

Darasin Legas da Dakar

Legas ta fi Kano cunkoso, kuma 'yan tasharta ba su fi namu sauƙin kai ba. A watan Maris na 2008 hukumar sufurin jihar, LAMATA, ta buɗe layin bas na farko mai hanyarsa ta kansa, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Abu biyu suka tsayar da shi. An keɓe wa bas gefen titi da shinge, saboda haka tana wucewa sauran motoci na tsaye. Sannan an jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin aikin, ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, ta karɓi rancen banki ta sayi motoci ta tafiyar da su. Waɗanda za su zama abokan hamayya sai suka zama masu hannun jari. Jirgin cikin gari sai a 2023 ya fara ɗaukar fasinja a Legas, shekara 15 bayan bas.

A Dakar ta ƙasar Senegal, tun daga 2005 aka tara masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, aka ba su sababbin ƙananan bas bashi, da sharaɗin su bi layi tsayayye da tikiti. A 2024 birnin ya buɗe layin manyan bas masu aiki da lantarki a kan keɓaɓɓiyar hanya. A biranen biyu an fara da mutanen da ke cikin sana'ar, aka ba su mafita mai riba, sannan aka matsa doka. Kano a 2022 ta sayo motoci, amma ba ta keɓe musu hanya ba, ba ta kuma shigar da 'yan A Daidaita Sahu cikin mallakarsu ba. Bas ɗin da za ta tsaya a cunkoso guda da babur, ba abin da zai sa fasinja ya jira ta.

A tayar da kasuwar ne?

Wasu na ganin magani ɗaya ne: a kwashe kasuwannin tsakiyar gari a kai su waje. An ga misali a 2024, lokacin da aka matsa wa masu sayar da magunguna na Sabon Gari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro kan hanyar Zariya, bayan doguwar shari'a. Magani kaya ne da ke buƙatar sa ido na musamman, don haka yana da hujjarsa. Tufafi daban ne. Ƙarfin Kantin Kwari yana cikin maƙwabtakarta: baƙo ya canza sefa a Wapa, ya sari atamfa a Kwari, ya sayi robobi a Ƙofar Wambai, ya haɗa kayan masarufi a Singa, duk a yini guda. In aka raba su an raba abin da ke kawo baƙon. Ga kuma amana da bashi da sanayya na shekara da shekaru, waɗanda ba a loda su a mota.

Abin da ya dace a fitar shi ne ajiya da manyan motoci. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da na Kano zuwa Kaduna a 2021. Idan waɗannan suka kankama, kayan da za su riƙa sauka a Kano za su ƙaru, kuma in ba a shirya ba duk a bakin Kwari za su taru. Kwantena da tirela su tsaya a rumbunan bayan gari, ƙananan motoci su shigo da abin da shago ke buƙata da daddare ko da asuba. Mai sarin diloli da yawa ya zaɓa a shago, a loda masa daga rumbu kai tsaye zuwa tasha.

Ta ina za a fara?

Farko zama. Gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Fagge da masarauta su kafa zaure na dindindin na wannan yanki, da kujerar hukumomin kasuwanni da KAROTA da hukumar tsara birni da ta kwashe shara da 'yan kwana-kwana, da kujerar 'yan tebur da 'yan dako da direbobi da mata da mazauna unguwa. Ya zauna duk wata, a karanta abin da aka yanke a rediyo cikin harsunan da ake ji a yankin, a liƙa a ƙofofin kasuwa. Kada wata doka ta titi ko haraji ta fara aiki sai ta bi ta nan, an kuma ba da wa'adi.

Daga nan sai abubuwan da ba sa cin kuɗi da yawa: lokacin sauke kaya, sunayen layuka da lambobin shaguna, lambar ƙorafi, yashe kwatoci kafin damina, da fitar da wasu layuka da za a bar wa masu ƙafa da baro daga hantsi zuwa magariba, da faɗin da motar kashe gobara za ta iya bi. 'Yan teburin da abin zai shafa a nuna musu inda za su koma kafin a taɓa teburinsu, kuma wurin ya kasance inda mai saye ke bi.

Sannan bas. A ɗauki hanya ɗaya tak, misali daga Kabuga zuwa Bata ko daga Hotoro zuwa Yankura, a keɓe mata gefen titi, a sa tashoshi masu rumfa, a rubuta kuɗin mota kowa ya gani, a tabbatar mota na zuwa a kai a kai. A tanadi wurin zaman mata, domin neman mutuncinsu a hanya ne ya kawo A Daidaita Sahu tun farko, a kuma tuna da tsofaffi da masu lalurar ƙafa. Ƙungiyoyin 'yan A Daidaita Sahu su sami hannun jari da guraben tuƙi da sayar da tikiti da gyara, baburan kuma su koma ɗauko mutane daga lunguna zuwa tashar bas, aikin da babu mai iya shi kamarsu. Sai hanya ta farko ta yi aiki jama'a sun gani da idonsu, a buɗe ta biyu.

Kuɗin fa? Ana karɓar haraji a kasuwannin nan kullum, ana karɓa a hannun direbobi, ana cin tara a kan titi. A bayyana abin da aka tara daga wannan yanki duk wata uku, a ware wani kaso sananne da zai koma kan kwata da fitila da tashar bas, a nuna aikin. Bakano ba ya ƙin biya in ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Shi ne fa yake gina masallaci da makaranta da aljihunsa ba tare da an tilasta shi ba.

Abu na ƙarshe shi ne ɗorewa. Kano ta sha ganin gwamnati ta soma aiki, wadda ta gaje ta ta yi watsi da shi ko ta rushe. Layin bas da zauren tattaunawa ba za su rayu ba sai Majalisar Dokokin jiha ta kafa su da doka, da kasafinsu, yadda ba za su zama na wata jam'iyya ba. Wannan kuwa ba zai samu ba sai 'yan kasuwar sun nema da baki ɗaya. Suna da yawan da duk ɗan takara ke zuwa neman ƙuri'arsu, suna da dukiyar da ake sauraren maganarsu. Duk wanda ya shigo Kwari neman goyon baya, a tambaye shi wace hanya zai keɓe wa bas, yaushe zauren zai fara zama, kuma nawa daga harajin kasuwa zai dawo kasuwa. A sa shi ya amsa a rediyo, a rubuta amsar a ajiye, a karanto masa ita bayan shekara guda.